Filin besbol a gefen filin fareti: shin Janar Doubleday na West Point ne ya ƙirƙiro wasan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya turo mini bidiyon West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dab da filin faretinsu sai ga filin wasan besbol har da kujerun 'yan kallo. An ce sunansa filin Doubleday, wai kuma janar mai wannan suna, tsohon ɗalibin makarantar, shi ya ƙirƙiro wasan. Gaskiya ne? Me ya haɗa makarantar soja da wasa har a ba shi wuri a tsakar gida haka? In da hali a ɗan gutsura mana al'adun makarantar. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bari mu fara da mai wuyar: Abner Doubleday bai ƙirƙiro besbol ba. Abin dariyar ma shi ne, babbar hujjar da ke ƙaryata labarin tana cikin kundin makarantar da ta sa wa filinta sunansa.

Labarin da aka daɗe ana yaɗawa ya ce Doubleday ya zana dokokin wasan a 1839 a wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown, a jihar New York. To amma ya shiga West Point a 1838 ya fita a 1842, kuma a zamanin ɗalibi ba ya samun dogon hutun zuwa gida sai ya cika shekara biyu. Ke nan a 1839 yana can bakin kogin Hudson yana cin kwakwa, ba ya filin kowa yana zane a ƙasa da tsinke. Ya rasu a 1893, ya bar wasiƙu da rubuce-rubuce masu yawa, babu inda ya ce shi ya kawo wasan.

To daga ina maganar ta fito? A farkon ƙarni na 20 aka yi ta musu tsakanin mutum biyu. Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila, ya ce besbol jikan wani wasan yara ne na Ingilishi. Albert Spalding, tsohon ɗan wasa da ya zama attajirin kayan wasanni, ya ce sam, wasan Amurka a Amurka aka haife shi. A 1905 Spalding ya sa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Abraham Mills, a ƙarshen 1907 kwamitin ya yanke cewa Doubleday ne. Hujjarsu kusan guda ɗaya ce: wasiƙar wani dattijo injiniyan haƙar ma'adinai, Abner Graves, wanda ya ce ya gani da idonsa. A 1839 shekarun Graves biyar. Shi kansa Mills ya san Doubleday shekara da shekaru, bai taɓa jin zancen daga bakinsa ba. Amma abin nema ya samu: ga janar, ga gwarzon yaƙi, ga shi ba ya raye balle ya musa. Alhali an buga kalmar besbol a wani littafin yara a Ingila tun 1744, kuma a 1791 hukumar garin Pittsfield da ke jihar Massachusetts ta hana buga shi kusa da sabon ɗakin taron garin don kada a fasa tagogi. Shekara 28 ke nan kafin a haifi Doubleday.

Kada dai a raina mutumin. Yana kyaftin a sansanin Sumter a Afrilun 1861, shi ya saita igwar farko da sojan gwamnati suka mayar da martani da ita, ranar da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. A fagen daga na Gettysburg kuma, ran 1 ga Yulin 1863, da aka kashe Janar Reynolds shi ya karɓi ragamar rundunar ya riƙe wuta na sa'o'i. Ya ci a sa wa wuri sunansa, sai dai ba don ƙwallo ba. An raɗa wa filin sunan ne a 1939, shekarar da Amurka ta yi bikin cikar wasan shekara ɗari bisa wancan lissafi, har aka buɗe gidan tarihin besbol a Cooperstown. Gidan tarihin ma bai taɓa sa Doubleday cikin jerin gwarazansa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice: kowane ɓangare mutum tara. Mai jifa yana tsaye kimanin mita 18 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri, mai bugu ya maka mata gora ya ruga. Akwai zango huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowane biyu mita 27 da 'yan kai. Wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi zagaye tara.

Shi filin kansa ba wani ƙato ba ne. Makarantar ta fara buga besbol a 1890, tana wasa a wannan wuri tun 1909. A 1996 aka buɗe rumfar 'yan kallo ta yanzu mai kujeru 880, aka sa mata sunan Rupert Johnson, ɗan ajin 1921, shi ya sa cikakken sunan wurin ya haɗa Johnson da Doubleday. Jami'o'in jihohin kudu na ƙasar suna da filayen da ke cin mutum dubu goma, don haka ba girma ne abin kallo a nan ba, mazauni ne. West Point tana kan wani tudu inda Hudson ya yi gwiwa, kimanin kilomita 80 arewa da birnin New York, kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yi ƙaranci a wurin. Ɗan filin da ke akwai shi ne filin fareti, wanda sojoji ke atisaye a kai tun yaƙin neman 'yanci, kafin ma a kafa makarantar a 1802. A gefensa aka yanka wa besbol wuri, kusa da laburare da gine-ginen dutse masu ruwan toka. Mai tsaron baya in ya ɗaga kai neman ƙwallo, abin da yake gani ke nan. Can gaba kaɗan ga tudun da aka jera igwogin da aka ƙwato a yaƙe-yaƙe, da guntun sarƙar ƙarfen da aka gitta a kogin a 1778 don tare jiragen ruwan Ingila. Da yamma idan za a sauke tuta, begila ta yi kuka igwa ta tashi, duk wanda ke waje sai ya tsaya cak ya fuskanci tutar. Matsalar wurin ɗaya ce, sanyi. Kakar besbol ta jami'o'i tana farawa a Fabrairu, lokacin ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, shi ya sa makonnin farko ƙungiyar takan yi su a kan hanya, a jihohin kudu.

Sai batun me ya haɗa soja da wasa. A nan sunan da ya kamata a riƙe shi ne Douglas MacArthur, wanda daga baya ya zama babban janar a yaƙin duniya na biyu. Yana ɗalibi ya buga wa makarantar besbol, kuma ba gwanin bugu ba ne. A 1901, karon farko da West Point ta kara da makarantar sojan ruwa ta Annapolis a besbol, aka tashi 4 da 3, shi ya zagayo da makin nasara. Ya dawo daga yaƙin duniya na farko aka naɗa shi shugaban makarantar daga 1919 zuwa 1922. Abin da ya gani a Faransa shi ne hafsan da ya saba wasan ƙungiya ya fi iya jan mutane da yanke shawara cikin ruɗani. Sai ya wajabta wasa ga kowa. Yana da wata magana da har yau kowane sabon ɗalibi sai ya haddace, ma'anarta: a filin karawar zumunci ake shuka irin da wata rana, a wani filin, zai haifar da nasara.

Har gobe tsarin na nan. Cikin ɗalibai wajen 4,400 babu wanda ke zaman kallo: ko kana ƙungiyar makaranta, ko kulob, ko kana buga wa kamfaninka, wato rukunin ɗaliban da aka sa ka ciki. Dambe darasi ne na dole. Makin ƙarfin jiki yana shiga lissafin matsayinka a aji tare da na karatu da na aikin soja, matsayin nan kuwa yana da tasiri kan sashen da za ka samu da barikin da za a tura ka. A ganina besbol ya dace da wannan manufa ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. Wasa ne da gwani ke faɗuwa sau bakwai cikin goma, ya koma benci kowa na kallonsa, jim kaɗan a sake kiransa. Wanda zai jagoranci mutane yana bukatar ya saba da wannan.

Ajin 1915 ya ba da misali mai daɗi. Cikin mutum 164 da suka fita, 59 sun zama janar. Omar Bradley yana cikinsu, kuma tauraron besbol ne, an san shi da ƙarfin jifa daga bayan fili. Abokin ajinsa Dwight Eisenhower ya nema bai samu shiga babbar ƙungiyar ba. Mutumin da ya jagoranci sojan ƙawance a Turai, ya yi shugabancin Amurka shekara takwas, ya ce rashin shiga ƙungiyar nan na cikin manyan baƙin cikin rayuwarsa.

Manyan ƙungiyoyin ƙwararru ma sun sha zuwa. Giants ta New York ta fara a 1914, Yankees ta zo a 1927 da taurarinta Babe Ruth da Lou Gehrig, ta kuma sake zuwa a Maris 2013 ta ci 10 da 5. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka taƙaita tafiye-tafiye, Dodgers ta Brooklyn ta yi zangon share fage daga 1943 zuwa 1945 a Bear Mountain da ke kusa, in yanayi ya ɓaci sai ta ari rufaffen ɗakin atisayen makarantar.

Al'adu kuwa, ba za su ƙirgu a nan ba, sai dai in tsakuro. Wadda na fi so ita ce ta kaimin Janar Sedgwick. Mutum-mutuminsa yana tsallaken filin fareti, kuma 'yan ƙafafun da ke jikin kaiminsa suna juyawa. Ɗalibin da ke tsoron faɗuwa jarrabawa sai ya sa cikakkun kayan fareti, ya saɗaɗa da sha biyun dare ya juya kaimin, ya kwasa da gudu zuwa ɗaki. Wai in ba a kama shi ba zai ci. Camfi ne, kowa ya sani, amma ana yi. Akwai kuma wanda ya zo na ƙarshe a aji, ana ce masa bunsuru. Ranar yaye ɗalibai shi ke samun tafi mafi ƙarfi, kowane ɗan ajinsu kuma ya ba shi dala ɗaya. George Custer, wanda daga baya ya zama shahararren janar, shi ne bunsurun ajin Yunin 1861. Mai laifi kuma hukuncinsa tafiya: ya saɓa bindiga ya yi ta kai da kawowa a tsakar bariki na adadin sa'o'in da aka yanka masa, ranar hutu, abokansa na shan iska. Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi gajeriya ce: ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, ba ya kuma kau da kai ga mai yi. Wannan ta ƙarshen ce ke karya mutane, don tana nufin ka kai ƙarar abokin ɗakinka.

Sauran al'adun da yawa suna komawa ga abu ɗaya, kishiyantaka da sojan ruwa. Sabon ɗalibi tun makon farko yake koyon amsa gaisuwa da "a doke sojan ruwa". Dabbar da ke zaman alamar West Point alfadari ce, ta Annapolis bunsuru, kuma an sha satar na juna. A 1953 'yan West Point suka sace bunsurun, sai da Eisenhower, yana shugaban ƙasa, ya sa aka mayar. An fi jin amon karawar a zari-ruga irin ta Amurka, amma ta shafi kowane wasa, har besbol: ɗan wasan West Point da ya doke sojan ruwa a karawar shekara yana samun tauraro a rigarsa. Su ma can suna da nasu filin mai sunan Max Bishop, tsohon ƙwararren ɗan wasa da ya horar da su sama da shekara ashirin. Bayan babbar karawa ɓangarorin biyu sukan tsaya tare a rera taken kowace makaranta, na wanda aka ci a fara, na mai nasara a rufe da shi. Shi ya sa burin kowa shi ne ya rera na biyu.

Wata tambaya da takan biyo bayan taka ita ce ko waɗannan samari suna zama ƙwararrun 'yan wasa. Da wuya. Karatu kyauta ne har da alawus, amma wanda ya gama sai ya yi wa soja aikin shekara biyar, kuma dokar sassauta wa 'yan wasa tana canzawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Paul Skenes ya yi shekara biyu a makarantar sojan sama, ya bar ta kafin alƙawarin aiki ya hau kansa, ya koma jami'ar jihar Louisiana, a 2023 Pirates ta Pittsburgh ta ɗauke shi na farko a duk ƙasar. A West Point kuwa an fi shekara 120 ana wasan kafin a samu wanda ya kammala makarantar ya taka babbar gasar ƙwararru. Chris Rowley ne, ɗan ajin 2013. Sai da ya fara yin aikin soja na sama da shekara biyu, sannan a Agustan 2017 ya yi wa Blue Jays ta Toronto jifa a wasansa na farko, ya kuma ci wasan.