Kamfanin inshora ya hana a yi wa matata tiyata, zan iya maka su a kotu?

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, kuma ta wurin aikina muke samun inshorar lafiya ni da iyalina. Maiɗakina ta daɗe tana fama da ciwon baya. An ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin ƙashin baya ne ya zame yana danne jijiya, har ta fara jin ƙafarta ta hagu kamar ba tata ba. Ya sa ranar tiyata. Ana saura 'yan kwanaki sai ga takarda daga kamfanin inshora, wai ba za su biya ba, wai tiyatar ba ta zama dole ba, ta je ta yi gashin ƙashi tukuna. Alhali wata uku ta yi tana zuwa gashin. Likitan ma ransa ya ɓaci. Wanda ya sa hannu a takardar bai taɓa ganinta ba. Ina so in maka su a kotu su biya mu diyyar wahalar da take sha. Mece ce shawararka?

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Malam, zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Tunda ta wurin aiki kuka samu inshorar, in dai ba aikin gwamnati kake yi ba, wata dokar tarayyar Amurka ta 1974 mai suna ERISA ce ke iko da al'amarinku, kuma dokar nan ba ta ba da diyyar wahala. Ko da ka yi nasara a gaban alƙali, abin da za ka samu shi ne a tilasta musu su biya kuɗin tiyatar, wani lokaci a haɗa musu da kuɗin lauya in alƙali ya ga dama. Daren da Hajiya ta kwana tana juyi, aikin da ka rasa kana jinya, ko jijiyar da ta lalace saboda jinkiri, babu ko sisin kwabo a kansu.

An gwada wannan hanya har Kotun Ƙoli. A 2004 kotun ta haɗa ƙararraki biyu daga jihar Texas. Juan Davila likitansa ya rubuta masa wani magani, kamfanin Aetna ya ƙi biya sai ya fara gwada mai arha, ya sha ya yi masa mummunar illa. Ruby Calad an cire mata mahaifa, kamfanin Cigna ya ce kwana ɗaya kawai zai biya a asibiti duk da likitanta na so ta ƙara, ta koma gida ciwo ya dawo da ita. Dukkansu sun nemi diyya a ƙarƙashin dokar jiharsu. Alƙalai tara suka haɗu a kan cewa ERISA ta toshe wannan ƙofa. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta yarda da hukuncin amma ta rubuta cewa ya kamata majalisa ta sake duba dokar. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya, ƙofar na nan a rufe.

Hujjar kamfanonin kullum ɗaya ce: mu ba mu hana kowa magani ba, cewa muka yi ba za mu biya ba. A takarda haka ne. Amma a ƙasar da tiyatar baya ke cin dubban daloli masu yawa, wanda ya ƙi biya ai shi ya hana. A ganina wannan zalunci ne da doka ta ɗaure wa gindi, kuma daga nan fushin mutane ya samo tushe. Duk wanda ke ƙasar nan ya ga abin da ya biyo bayan harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a Manhattan ranar 4 ga Disamba 2024. Kisan kai ne, babban laifi ne a doka da addini, ba shi da wani uzuri. Sai dai dubban mutanen da suka fito suna ba da labarin yadda aka hana iyayensu da 'ya'yansu magani ba ƙirƙira suka yi ba. Washegarin kisan kamfanin inshora na Anthem ya janye shirinsa na ƙayyade lokacin da zai biya kuɗin allurar barci a ɗakin tiyata a jihohi uku, har da New York, saboda ihun da likitoci da jama'a suka yi. Kafin nan, a 2023, 'yan jaridar ProPublica sun ruwaito cewa likitocin Cigna sun yi watsi da buƙatun biyan kuɗin jinya sama da 300,000 cikin wata biyu, kowace a daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Kamfanin ya musanta yadda aka bayyana tsarin nasa, amma dai ka ga irin duban da ake zargin ana yi wa fayil ɗin mara lafiya.

To, ina mafita? Tana cikin ɗaukaka ƙara a wajen kamfanin da kuma wajen likita mai zaman kansa, kuma mutane kaɗan ne ke bin ta. Cibiyar bincike ta KFF ta duba inshorar da ake saye ta shafin gwamnati na HealthCare.gov a 2023, ta ga an ƙi biyan kusan buƙata ɗaya cikin biyar, amma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ko kashi 1 cikin ɗari ba su kai ba. A tsarin Medicare Advantage na tsofaffi kuwa, a wannan shekarar, fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙin amincewar da aka ƙalubalanta an juya su. Naku tsarin daban ne, amma darasin ɗaya ne. Takardar farko ba ita ce maganar ƙarshe ba, kuma da gajiyarku kamfanin ya dogara.

Ɗauko takardar nan yanzu ka shimfiɗa ta a gabanka. Dubi kwanan watan da ke samanta, ka rubuta ranar da ta iso hannunku a jikin ambulan ɗin, kada ka jefar da shi. Daga ranar kuna da kwana 180 na ɗaukaka ƙara. A shafi na biyu ko na uku, inda rubutu ke ƙanƙancewa, dole ne su faɗi dalilinsu, da sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, da inda za a aika ƙorafi. Wani abin da maza da yawa ke tuntuɓe da shi: Hajiya ce mara lafiyar, don haka ko da sunanka ne a kan katin, ba za su tattauna fayil ɗinta da kai ba sai ta sa hannu a fom ɗin naɗa ka wakilinta. A cike shi tun yau.

Gobe da safe ka kira ofishin likita ka roƙi abu biyu. Na farko, ya nemi a haɗa shi ta waya da likitan kamfanin su yi magana likita da likita. Sau da yawa a nan ake warware matsala, musamman irin taku, domin ina kyautata zaton takardun gashin ƙashin nan na wata uku ba su taɓa isa teburin wanda ya yanke hukuncin ba. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, in likita yana ganin jinkiri zai iya sa ta rasa amfanin ƙafar ko ya bar ta cikin raɗaɗi mai tsanani, ya rubuta cewa lamarin na gaggawa ne. Idan likitan da ke duba ta ya faɗi haka, doka ta wajabta wa kamfanin ya ɗauke shi a matsayin gaggawa, ya ba da amsa cikin awa 72. In ba haka ba, suna da har kwana 30. Ƙafar da ta fara mutuwa ba ta jiran wata guda.

A rubuce kuma, ka nemi su ba ku cikakken fayil ɗin da suka yi aiki da shi da ƙa'idar asibiti da suka auna ta da ita. Haƙƙinku ne, kuma kyauta ne. Idan ƙa'idar ta zo, ku zauna da likita ku bi ta layi-layi. In ta ce sai an yi gashin ƙashi na tsawon makonni kaza, ga takardar wurin gashin mai ɗauke da kowace ranar da ta je. In ta ce sai hoto ya nuna jijiya a danne, ga rahoton hoton. In ta ce sai ƙarfin ƙafa ya ragu, ga abin da likita ya auna ya rubuta. Ita ma Hajiya ta yi bayani da bakinta a shafi ɗaya: ba ta iya tsayuwar salla, ba ta iya hawa matakalar jirgin ƙasa, ba ta barci. Wanda zai duba ƙorafin dole ya zama wani daban, ba wanda ya ƙi da farko ba, ba kuma yaronsa ba, kuma sai ya tuntuɓi masanin fannin.

Ina nanata maganar takardun nan ne saboda dalili. A shari'ar ERISA yawanci ba a kiran shaidu, babu masu taya alƙali yanke hukunci. Alƙali fayil ɗin da aka tara lokacin ɗaukaka ƙara yake karantawa, abin da ba ya ciki kamar ba a yi shi ba ne. Kuma ba zai saurare ku ba sai kun gama bin matakan ɗaukaka ƙara na cikin gida a wajen kamfanin. Wanda ya aika layi biyu cikin fushi yana cewa ban yarda ba, ya raunana shari'arsa tun kafin ya ga ƙofar kotu.

Idan sun sake ƙi, sai a fita daga hannunsu. Tun bayan dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, akasarin tsare-tsare dole su yarda wani likita mai zaman kansa, wanda ba ma'aikacinsu ba, ya duba lamarin, kuma abin da ya yanke ya hau kansu. Kuna da wata huɗu na neman wannan. A nan sai ka tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinka tambaya guda: kamfanin inshora ne ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsa, ko kuwa mai aikin ne ke biya, kamfanin inshora yana riƙe masa littafi kawai? In na farko ne, kuma a New York aka yi yarjejeniyar, hukumar jiha ta DFS, mai sa ido kan kamfanonin inshora, za ku nufa. Kuɗin shiga ba ya wuce dala 25, ana mayar muku in kun ci, amsa kuma cikin kwana 30. In na biyu ne, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na ma'aikatan da ke da inshorar wurin aiki a nan suke, dokar jiha ba ta kai gare shi ba, tsarin tarayya za a bi mai kwana 45, kuma ofishin EBSA na Ma'aikatar Ƙwadago, mai kula da dokar ERISA, ne zai taimaka muku. A duka biyun, in gaggawa ce awa 72 ne, kuma ana iya nemansa lokaci guda da ƙorafin cikin gida. Na biyun yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: tunda kuɗin mai aikinka ne, yana iya cewa a biya. Ka same su da takardar likita a hannu.

Ba sai ka ɗauki lauya a wannan mataki ba. Shirin Community Health Advocates yana taimaka wa mazauna New York da irin wannan ƙorafi ba tare da kuɗi ba. In Turanci na ba Hajiya wahala, ta nemi tafinta a asibiti da wajen kamfanin, ba a cajin mara lafiya kuɗinsa. Lauyan da ya san ERISA za ka nema idan likita mai zaman kansa ma ya goyi bayansu, kuma kada a yi sanya a lokacin, domin yarjejeniyar kan ƙayyade wa'adin shigar da ƙara.

Sai maganar harshe. Na san zuciya na tafasa, amma duk kiran da ka yi musu ana naɗarsa. A Disambar 2024 'yan sanda sun kama wata mata a Florida saboda kalaman da ta faɗa wa kamfanin inshorarta ta waya, aka ɗauke su a matsayin barazana. Baƙo a ƙasar nan ya fi kowa asara in ya faɗa irin wannan rami. Ka tanadi littafi, kowane kira ka rubuta rana, sunan wanda ya ɗauka da lambar kiran, sannan ka bi shi da wasiƙa ta hanyar da za a ba ka shaidar sun karɓa.

In kuma kafin a gama duk wannan ƙafar ta ƙara rauni farat ɗaya, ko fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce mata, kada ka tsaya kiran kowa, ka kai ta sashen gaggawa. Dokar EMTALA ta 1986 ta hana asibiti ya kore ta ba tare da dubawa da daidaita ta ba, kuma kamfanin inshora ba shi da ikon neman a jira izininsa a kan jinyar gaggawa.