Ina ruwan falsafa da gurɓacewar muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin jami'a ne. Malaminmu ya ambaci Sayyid Husain Nasr cikin waɗanda suka fara magana kan lalacewar muhalli. Wane ne shi? Kuma me falsafa za ta tsinana game da hayaƙin masana'antu da sare itatuwa? Ba aikin 'yan kimiyya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ai shi ma Nasr daga kimiyyar ya fito. An haife shi a Tehran a 1933, ya tafi Amurka yana yaro, ya yi digirin farko a fiziks a jami'ar MIT, sannan ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1958 kan tarihin kimiyya. Da ya koma Iran yana koyarwa a Jami'ar Tehran, sai ya sake durƙusawa gaban malaman gargajiya irin su Allama Tabataba'i yana ɗaukar karatu. Ba kowane farfesa ke iya wannan ba.

A 1966 ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Chicago, waɗanda suka fito littafi a 1968. Maganarsa a dunƙule ita ce: kafin hannu ya ɓata daji, ido ne ya fara sauya yadda yake kallonsa. Mutanen da can suna ganin dutse da kogi ayoyi ne na Mahalicci, kalma ɗaya da ayar Alkur'ani. Tun daga juyin kimiyyar Turai na ƙarni na 17, in ji shi, aka cire wa halitta wannan alfarma, ta koma kayan awo da ciniki. Abin da ba shi da alfarma kuwa, wa zai ji kunyar wawushe shi? Yana yawan nanata cewa ɗan Adam halifa ne a ban ƙasa, amma bawa ne kuma. Halifan da ya manta bautarsa ya fi kowace halitta ɓarna. To ka ga, ɗan kimiyya zai auna maka yawan hayaƙin, amma me ya sa ake ganin riba ta halatta shi, wannan tambayar falsafa ce.

Ni dai a ganina ya fi ƙwarewa wajen gano cuta fiye da ba da magani. Yana ƙawata zamanin da fiye da kima, kuma garinsu Tehran, duk da masallatanta, hayaƙi kan sa a rufe makarantu lokacin sanyi.

Juyin juya halin 1979 ya raba shi da Iran saboda kusancinsa da fadar Sha, sarkin Iran na lokacin. Tun 1984 yake farfesa a Jami'ar George Washington.