Amsa: Kollo, kusa da Yamai

Malam, ka tambayi yadda yankin Kollo yake da yawan mutanensa. Gunduma ce a jihar Tillaberi, ta kusan zagaye Yamai, garin Kollo kuma bai kai kilomita 40 daga birnin ba, ta kudu maso gabas. Kogin Isa ne ya ratsa ta, shi ya sa jama'a suka fi taruwa a kwarinsa, inda fadamun shinkafa suke. Da ka hau tudu, sai gero da yashi.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutum sama da 460,000. Yawancinsu Zabarmawa ne, sai Fulani. Raƙuman dawan Kure ma a ƙasar Kollo suke, in ka samu dama ka leƙa.