Amsa: Me ya sa ba ma rataya tuta a gida kamar Amurkawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin kishin ƙasa ne. Ni ban yarda ba. A nan Legas aka fara ɗaga tutarmu, 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta. Sai dai mun taso muna ganinta kayan gwamnati ce, ta makaranta da motar gwamna. Bahaushen Agege da hularsa da harshensa yake nuna ko shi wane ne. Amma zo gidan kallon ƙwallonmu ranar wasan Super Eagles: mai shayinmu, da kullum yake zagin gwamnati, har tukunyarsa yake ɗaura wa kore-fari-kore.