Kafin Ka Yanka Ƙarfen Akwatin Bindiga

Ka ce manomin nan na Ƙauran Namoda ya nuna maka hotunan sef na ajiye bindiga a waya, wani mai lambobi, wani mai karanta yatsa, yana tambaya ko ya aika a sayo masa na waje ko mu ƙera masa a nan Gusau, kai kuma ka ce masa sai ka tambayi maigida. Wannan dai ka yi daidai. Da sauran 'yan uwanka ne, da tuni sun karɓi kafin alƙalami sun kashe rabi a kati.

Ka ga lasisinsa? Ba ka gani ba. To, ɗana, ba a fara magana ba tukuna. Dokar bindiga ta ƙasar nan tun 1959 take, kuma ta kasa abin gida uku: akwai wadda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai ta farauta wadda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, sai bindigar toka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai gwamnati ta ce kowa ya mallaka. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi don kare kai, 'yan sanda suka ce su ba su buɗe bayarwa ba, a 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar. Wanda ba shi da takarda, ba ni da ƙarfen da zan yanka masa. Mai takardar ma kada ya shigo mini shago da bindiga. Ya auna tsawonta da igiya ya kawo igiyar. Mu akwati muke yi, gyaran bindiga da ƙera ta sai mai izinin hukuma.

Kana mamakin yadda na ɗau zafi. Ajiye wayar nan ka ji.

Akwai wani attajiri mai harkar hatsi, ba zan kama sunansa ba, yana da rai, 'ya'yansa suna gaishe ni a masallaci. Yana da bindigar farauta mai baki biyu, takardunsa cif. Ya zo nan da bakinsa ya ce, Malam, ina son akwatin da ba a taɓa yin irinsa a garin nan ba, kuɗi ba matsala. Ya ba da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Na hau mota na tafi Kano da kaina, na shiga Ƙofar Ruwa na zaɓi ƙarfe da hannuna, mai kaurin milimita 4 na jiki, mai milimita 6 na ƙyaure. Abin da ya ba ni bai kai ko'ina ba, na cika da kuɗin da na tara na ragon layya.

Na yi aiki, yaro. Walda mai ɗorewa daga kusurwa zuwa kusurwa, ciki da waje, ba wannan ɗige-ɗigen da kuke yi kuna rufewa da fila ba. Ƙyauren na nutsar da shi cikin firam yadda ko bakin cizil ba zai samu wurin shiga ba. Sakata uku a gefen makulli, a gefen hinji kuma na dasa haƙoran ƙarfe masu shiga jikin firam idan an rufe, don ko ɓarawo ya yanke hinjin, ƙyauren yana nan daram. A sama na yi ɗan ɗaki mai makullinsa daban na harsashi. A ƙasa huda huɗu na ɗaure shi da daɓe. Sai ƙarti huɗu suke iya matsar da shi.

Ranar karɓa ya zo da wani saurayi, ya ce direbansa ne. Direba mai tabon walda a duk yatsunsa! Ya buɗe, ya rufe, ya leƙa ciki, ya bi sakata da ido, yana aunawa da ɗani yana yi kamar wasa yake. Shi kuma Alhaji sai ya ɓata rai. Wai ya yi nauyi, zai fasa masa tayil. Wai shi ba za a huda masa daɓen ɗaki ba. Wai kuɗin ya yi yawa, shi da ya ce kuɗi ba matsala. Ƙarshe ya ce ya fasa, a mayar masa da abinsa. Na ƙi. Ya kai ni wurin dattawan unguwa, cikinsu har da aminin surukina, aka yi ta ba ni baki har na ciwo bashi na mayar masa a gabansu. Akwatin ya zauna mini a shago yana cin wuri, daga baya na sayar wa wani mai kemis yana ajiye kuɗi, a farashin da bai kai na ƙarfen ba. Layya ce ta wuce ni a shekarar.

Ashe saurayin nan ƙanin matarsa ne, yana da ɗan injin walda a bakin hanya. Ya kwaikwayi siffar da falle mai milimita 1.2, ya ɗiɗɗiga walda, ya shafe da fila, ya fesa fenti ruwan toka mai ƙyalli, ya rataya ƙaton kwaɗo a waje. In ka hango daga bakin ƙofa sai ka rantse nawa ne. Aka jingina shi a ɗaki haka nan, ba a ɗaure shi da komai ba, bindiga da harsashi duk a wuri ɗaya.

Alhaji ya tafi Umara, ɓarayi suka shiga. Ko kallon kwaɗon ba su yi ba. Mutum biyu suka naɗe akwatin a bargo suka fita da shi. Bayan gari aka tsince shi, an ɓare gefensa kamar gwangwanin tumatir.

Doka ta ɗora wa mai lasisi nauyin tsare bindigarsa, kuma in ta ɓata dole ya kai rahoto. Ya kai. Da aka tambaye shi wa ya ƙera akwatin, sai ya kama sunana. Ni! Don ya rufa wa ƙanin matarsa asiri, kuma don duk kasuwa ta riga ta ji yana alfahari cewa ni nake yi masa. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa wa ya sani ko na riƙe makulli ɗaya. Kai ɗan Zamfara ne, ba sai na fassara maka abin da ake nufi da a haɗa sunan mutum da ɓatacciyar bindiga a jihar nan ba. Aka kira ni, na zauna a benci ina amsa tambaya, su aikinsu suke yi, ban ga laifinsu ba. Abin da ya fitar da ni, mai kemis ya zo ya ce ga akwatina na gaskiya a shagonsa, dattawan nan suka shaida an mayar da kuɗi a gabansu, aka kuma kwatanta waldata da ta wancan gwangwanin. Na fito. Amma a gari abin da ya yaɗu shi ne an kama wane a kan bindiga. Aikin ƙofofi da tagogin wata makaranta da aka riga aka yi mini alkawari, shiru, aka ba wani. Har yau mutumin nan bai buɗe baki ya ce mini yi haƙuri ba. In mun haɗu sai ya ɗaga mini hannu daga cikin mota.

To koma kan manominka. Na waje ko namu, abin da za ka fara tambaya shi ne kaurin jiki. Su masu sayarwa kaurin ƙyaure suke nuna maka, inci uku, inci huɗu, alhali yawancinsa falle ne aka naɗe, ciki fanko ko allo. Ɓarawon da ya san aiki gefe yake nema. Suna rubuta kaurin da geji, kuma lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 16 wajen milimita ɗaya da rabi ne, 14 kusan biyu, 12 ya ɗan haura biyu da rabi, 10 ya kusa uku da rabi. Ni ƙasa da milimita 3 ba na sa hannuna. In mai kaya ya ƙi faɗa maka geji, nauyi zai faɗa maka. Falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, in milimita 3 ne kilo 70 yake yi, in 1.2 ne bai wuce 28 ba. Akwatin da kai kaɗai za ka rungume ka ɗaga, bar musu kayansu.

Wasu daga Amurka suna zuwa da tambarin RSC, mutane suna ganin sun sayi banki. Ma'anarsa an gwada, mutum ɗaya da kayan hannu ya kasa buɗewa cikin minti biyar. Minti biyar ke nan. Wanda ya samu giranda da wuta da dare guda, babu akwatin gida da zai gagare shi, nawa ma. Lokaci kake saya da hayaniya, don maƙwabta su farka. Haka batun gobara: za ka ga an rubuta minti 30 a zafin da ya kai wajen digiri 650 a ma'aunin Selshiyos. Abin da ke cikin bangon galibi allon jifsam ne, ɗan uwan wanda ake silin da shi. Yana da ruwa a jikinsa, in wuta ta kama sai ya riƙa fitar da tururi yana rage zafi. Yana taimako, amma ba ya ƙara wa akwatin ƙarfi ko kaɗan a gaban guduma.

Mai karanta yatsa kuwa, ka dubi hannun mutumin da ya shekara yana riƙe fartanya, ka ƙara masa kaushin hunturu da ƙura, ka gaya mini me na'urar za ta karanta. Mai lambobi da batir yake aiki, batirin ya mutu, makullin ko-ta-kwana kuma an jefa shi cikin akwatin an rufe. Na sha yanka irinsu. Ku yaran yanzu duk abin da ya yi ƙara ya kawo haske shi ne mai kyau a wurinku. A ba shi makulli na ciki mai kyau, wanda ba a ganin komai nasa a waje sai ramin mabuɗi. Kwaɗo a waje kam kada in gani.

Yanka, daidaita kusurwa, goge walda, jan fenti kafin na sama, ba zan tsaya koya maka ba. In har yanzu sai an faɗa maka waɗannan, je ka nemi acaɓa. Tsawon igiyar dai ka ƙara masa ɗani guda, kuma ka tambaye shi ko ta toka ce, don sun fi na farauta tsawo.

Ɗaurewa ita ce rabin aikin, kuma mu za mu je mu yi, ba za a bar wa mai gida ba. Notin kankare huɗu daga ciki, a kusurwar ɗaki, gefen da ƙyaure ke buɗewa ya kasance jikin bango don kada mai sandar ƙarfe ya samu wurin dannawa. In gidan ginin ƙasa ne, kamar yawancin na ƙauye, bangon ba ya riƙe noti. A haƙa a zuba kankare da rodi, a bar shi ya bushe sosai, sannan a ɗora. Ya ɗan tashi daga ƙasa saboda laimar damina, a shimfiɗa katako a ciki inda gindin bindiga zai zauna, a jefa ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan laima irin na cikin kwalin sabon takalmi, shi kuma ya riƙa shafa mata mai. In ba haka ba, zai buɗe a watan Agusta ya tarar da tsatsa, ya ce fentinmu ne. Ba a falo ba, ba inda baƙo zai gani ba, kuma ranar kai shi a lulluɓe shi.

Bindiga ta shiga ba harsashi a cikinta, harsashi a ɗakinsa mai makulli daban. A gidan da ke da yara, wannan ya fi batun ɓarawo ma, don yaro ya san inda babansa ke rataye makulli fiye da yadda uban ke zato. Mabuɗi a jikinsa, ba bayan ƙyaure ba, ba ƙarƙashin matashi ba. In kuwa mai bindigar toka ne, albarushi ba ya shiga akwatin ƙarfe da aka walde ruf. Gobara ta same shi a matse, ƙarfen da ka yi alfahari da kaurinsa shi zai tarwatse ya kashe mutane. Akwatin katako ake sa shi, nesa da murhu. Kai ma ranar da aka kira ka gyara, sai ka ga ciki fanko da idonka kafin ka kunna injin.

In ya dawo, ka gaya masa kuɗin ƙarfe da na makulli gaba ɗaya zai biya kafin in taɓa komai. A rubuta kauri, a rubuta cewa za a huda daɓe, ya sa hannu. In ya fara cewa a rage kauri don a rage kuɗi, raka shi bakin titi. Kada ya zo mini da kowane direba. Mabuɗan kuma duka za a damƙa masa a gaban shaidu biyu, a rubuta adadinsu, ba ma riƙe ko ɗaya a shagon nan ko da shi ya roƙa.