Fijo 504 ɗin Baba ta yi tsatsa: a gyara ko a sayar wa 'yan gwangwan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504 ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Shekara 12 ke nan tana fake ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na Zariya. Tayoyi sun zauna, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, inji kuma ba ya tashi. 'Yan gwangwan sun taya, amma raina bai kwanta da sayarwa ba. Gyaranta zai biya kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kafin ka kashe ko sisi, Malam, motar nan gado ce. A yi mata kuɗi yadda take a yanzu, ka biya sauran magada rabonsu, ko su yafe maka a gaban shaidu. Motar da babu mai kallonta yau, ranar da ta sha fenti kowa zai tuna yana da haƙƙi a cikinta.

Sai maganar inji, wanda na san shi ya fi tsaye maka a rai, alhali shi ne mai sauƙin. Fijo ta fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin Kaduna ya fara haɗa motoci. Faransa ta daina yin ƙaramar 504, wato salun, a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000. Shi ya sa kayanta ba su ɓace ba a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma da wuya ka shiga gareji ka rasa dattijon makaniken da a kanta ya koyi aiki. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta, kuma silib ɗin da fistin ke kai-komo a ciki zaro shi ake yi a sa sabo. Kada dai ka yarda a jona batir a murza makulli. A cire filogi, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana uku, sannan a gwada juya injin da sifana. Ko ya kafe, yana gyaruwa.

Abin da zai yanke hukunci shi ne bodi. Ƙaramar 504 ba ta da shasi daban kamar babbar mota. Bodin kansa shi ke ɗauke da inji da ƙafafu. Don haka tsatsar nan iri biyu ce. Ta kan ƙofa, bonet, murfin but ko madigad ba ta tayar da hankali, ana kwancewa a canza. Wadda ke kashe mota ita ce ta wuraren da ke riƙe nauyi: dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, daɓen da ake taka ƙafa, inda kan shoka na gaba ke ɗaure cikin ɗakin inji, wuraren kafa jak, da inda ƙafar baya ta kama bodi.

A jawo ta fili a ɗaga, a cire kujeru da shimfiɗar ƙasa. Ka ɗauki sukundireba ka riƙa caka wa waɗannan wuraren da ƙarfi, ba da tausayi ba. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi ya tunkuɗo hannunka. Matacce kuwa marmashewa yake kamar busasshiyar gurasa. Inda ka ga fenti ya yi bororo, daga ciki tsatsar ta ciwo, kuma abin da ke ɓoye ya fi wanda ido ya gani. Ka bi jikinta da maganaɗisu: duk inda ya ƙi kamawa, an taɓa cusa fila, wato kwaɓin da masu gyaran bodi ke cike rami da shi, a wurin.

Mu a Arewa mun yi sa'a, babu gishirin da Turawa ke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, babu iskar teku irin ta Legas. Darbejiyar nan ce ta fi ba ni tsoro. Ganyenta na toshe magudanar ruwan da ke gindin gilashin gaba, rana ta riga ta farfasa robobin, sai ruwan damina ya sauka ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa, shekara bayan shekara. Ga kuma laimar ƙasa daga ƙasa.

In sukundireba ta shige a wuri ɗaya ko biyu na daɓe, gyara ta. Amma sharaɗi: a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a walda sabo, ba a liƙa faci a kansa a shafe da fila ba, domin wannan damina biyu ya yi yawa ya sake fashewa. In kuwa kan shoka da ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi sun ruɓe hagu da dama, ko ƙofa ta ƙi rufuwa bayan an ɗaga motar, to bodin ya saki. Ni ba zan sa iyalina a cikinta ba. A nan sai ka nemi wata 504 mai lafiyayyen bodi, ka mayar da injin Baba da sitiyari da kujerunsa kanta, ka tuna cewa takardu lambar bodi suke bi.

Zai biya? In riba kake nema, a'a. Abin da za ka kashe kan walda, fenti, tayoyi, batir, lagireto, wanke tankin mai da wayoyin da ɓeraye suka tattauna zai iya wuce kuɗin sayen wata 504 mai tafiya, kuma duk kuɗin da mai gyaran bodi ya faɗa maka da farko, ka tanadi fiye da haka. Birki kuwa babu ciniki: robobi, fayif da mai duk sababbi. Amma in don ka tuƙa motar da Baba ya kai ku makaranta ne, kuma ƙarfen ya ci jarrabawa, wannan dalili ne mai kyau.

A bi aikin daki-daki: walda da farko, sai birki da ƙafa, sai inji, fenti a ƙarshe, kuma kada ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya. Ko ba ka yanke shawara ba tukuna, kafin ruwan bana ya sauka ka janye ta daga gindin bishiyar, ka ɗora ta kan bulo a daɓen siminti, ka cire shimfiɗar ƙasan ta sha iska.