Bawul ɗinmu yana cijewa yana tsalle, in buɗe kan akcuweta in duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a sashen na'urorin awo da sarrafawa na wata masana'anta. Muna da bawul ɗin tururi mai akcuweta ta iska, wato na'urar da ke buɗe shi da rufe shi, irin mai diyafiram (faifan robar da iska ke turawa) da sifirin (waya mai lanƙwasa da ke mayar da shi), wanda ke rufewa idan iska ta ɗauke. Mako biyu ke nan ba ya tafiya sumul, sai ya cije, can kuma ya yi tsalle ya wuce inda ake so. Wani da ya girme ni a aiki ya ce in ƙara iska a regileta (mai daidaita matsin iska) in ɗiga mai a tiyo, in bai gyaru ba in rufe iska in kwance murfi in duba robar. Hankalina a tashe yake, don idan aiki ya tsaya ni za a tuhuma.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, abin da ka siffanta da wuya ya zama ciwon akcuweta. Cijewa sannan tsalle alamar gogayya ce a sandar bawul: fozishina, na'urar da ke daidaita inda sanda za ta tsaya, tana ta tara iska, sanda ta ƙi motsi, da ta kufce kuma sai ta zarce. A layin tururi galibi fakin, wato abin da ake cusawa kewaye da sanda don hana tsiyaya, na girafait ne, ya fi na PTFE (wani irin filastik mai santsi) riƙe sanda, to idan wani ya ga tururi na tsiyaya ya ɗaure notocin gilan, ƙarfen da ke matse fakin, da ƙarfin tsiya, abin da za ka gani ke nan. Ka sanar da ɗakin sarrafawa, a mayar da layin kan bayifas (bututun da ke kewaye bawul), ka tura wa fozishina siginar lantarki ta 4, 8, 12, 16 da 20 mA, ka rubuta inda sanda ta tsaya a hawa da kuma a sauka. Ka taɓa hannun da ke haɗa sanda da fozishina ko ya yi lako-lako, ka tsiyaye ruwan da ke gindin regileta. Roba kuwa ba sai an buɗe ake gane ta fashe ba. Shafa ruwan sabulu a ramin shaƙar iska na ɓangaren sifirin: idan sanda na tsaye cik amma kumfa na ta tashi, ta huje.

Mai a tiyo, a'a. Ma'aunin ingancin iskar na'urori na ISA-7.0.01 ya ƙayyade cewa man da ke cikin iskar na'urori kada ya wuce 1 ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan, kai kuma a ce ka ɗiga da hannunka? Zai toshe 'yar ƙofar iska ta fozishina ya kumbura roba. Ƙarin iska fiye da abin da aka rubuta a farantin akcuweta kuma yana iya fasa diyafiram ko ya lanƙwasa sanda.

Amma shawara ta uku ita ce ta sa na ajiye komai na amsa maka yau. Wai a rufe iska, geji ya sauka sifiri, shi ke nan babu sauran haɗari. Wannan magana na gaji da jinta, kuma daga bakin waɗanda suka yi shekaru da sifana a hannu. Geji iska yake aunawa, bai san da zaman sifirin ba. Shi kuwa sifirin tun daga kamfani a danne aka ɗaure shi, kuma a danne yake ko da an kashe kwamfiresa wata guda.

Yi lissafin da kanka. Ɗauki diyafiram mai faɗin santimita murabba'i 700, sifirinsa na 0.2 zuwa 1.0 bar, wato 3 zuwa 15 psi da kowa ya sani. Me ya sa sanda ba ta motsi sai iska ta kai 0.2? Saboda sifirin ya riga yana turawa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 140. Idan kuma an ƙara masa danni don bawul ya rufe gam a kan tururi, a ce yana farawa daga 0.8 bar, to fiye da rabin tan ne ke jingine da murfin nan, kuma kusoshin da za ka kwance su ne kaɗai ke riƙe da shi. Na taɓa zuwa wani wurin aiki jim kaɗan bayan wani matashi ya yi haka. Ya cire kusoshi ɗaya bayan ɗaya yana jera su a tsumma, saura biyu, na kusa da shi ya tsinke. Murfi ya daki tafin hannunsa ya karya yatsu biyu, sifirin ɗaya kuma a bayan tanki aka tsinto shi. Takardar izinin aikinsa na nan da sa hannun mutum uku, babu ko ɗaya da ya tako ya ga bawul ɗin da idonsa. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Ko iskar ma da ake cewa an rufe, ka tabbata ta fita? Akwai akcuwetar da aka sa wa bawul mai kulle iska a ciki idan layi ya ɗauke, akwai mai ƙaramin tankin ajiya a gefe. Gejin regileta zai nuna sifiri alhali kan akcuweta cike yake da iska. Sannan a lokacin da kake sakin iskar sanda za ta ruga inda sifirin ke tura ta, ba ruwanta da yatsan da ke kan hanya.

Idan har gwaji ya nuna robar ce, ga yadda ake yi. A rufe tururi gaba da baya, a sauke matsin, a bar ƙarfe ya huce, kowa ya rataya kwaɗonsa. A saki iska daga tiyon da ke shiga kan akcuwetar kai tsaye. Idan mai babban sifirin ɗaya ne, akwai notin daidaitawa a ƙarƙashinsa, ka warware shi har sifirin ya saki gaba ɗaya kafin ka taɓa kusa ko ɗaya ta murfi. Idan mai ƙananan sifirin da yawa ne, ka duba ko akwai 'yan kusoshin da suka fi sauran tsawo. An yi su ne don su saki dannin a hankali: gajerun ake fara cirewa, dogayen a ƙarshe, ana zagayawa ana sassauta su kaɗan-kaɗan daidai wa daida. Masu gyaran ganin-ido sukan musanya su da gajeru wai don kyau, ko su yanke su idan sun yi tsatsa. In ka tarar da haka, ko ka ga kwanson sifirin da aka like da walda, kada ka buɗe, a kai wa masu ƙera shi.

Turo mini abin da ke rubuce a farantin, da alƙaluman hawa da sauka na maki biyar ɗin nan, in gaya maka ko sassauta gilan zai wadatar ko sai an canza fakin.